Mai Sunan Baba

Duk wanda ya san Madarumfa ya san shagon Rabi'u, ko da bai taɓa leƙawa ciki ba. Yana nan kan hanyar da ke gangarawa tafki, da pano biyu na wutar hasken rana a kan rufi, igiyoyin cajin salula sun yi rututu a bakin taga. A ciki tsofaffin ordinatoci ne, wato kwamfutoci, jere a kan katako, waɗanda ya tsinto ɗaya bayan ɗaya a kasuwar Katsina ya yi musu ɗori har suka tashi. Rabi'u Mai Rezo ake ce masa, rezo wato layin intanet. Siriri ne, ba shi da yawan magana. In ka gan shi yanzu zaune ya ƙura wa ekran, wato allon ordinater, ido kamar wanda aka yi wa rasuwa, kada ka ce halinsa ne, da ba haka yake ba.

Shi ne na huɗu a wurin Malam Yahaya mai lambu, wanda ya ƙare rayuwarsa yana ban ruwan albasa da tumatir a bakin tafki. Mu da ba 'ya'yansa ba muna iya faɗin sunan kai tsaye. A gidan kuwa ba mai faɗinsa. Matarsa Delu ta zauna da shi har furfura, ba a taɓa jin sunan a bakinta ba, sai dai "Malam" ko "mai gidan ga". Da Rabi'u ya yi aure, matarsa Firdausi ta haifi namiji aka mayar masa da sunan kakan, tun ranar suna yaron ya koma Abba. Ko baƙo ne ya zo da wannan suna, Mai Sunan Baba za su ce masa a wuce wurin. Ba da bulala aka koya musu ba, a ciki suka tashi.

Rabi'u ya yi lakwal, wato boko, har lise, babbar sakandare, a Maradi. Jarrabawar fita, Bak, ta kayar da shi, ya sake zama ta sake kayar da shi, sai ya tattara ya tafi cin rani Katsina. Can ya maƙale a rumfar wani mai gyaran salula, ya fara da goge ƙura ya ƙare da buɗe cikin ordinater. Da ya dawo gida ya kafa shago, mutane suka ce ɗan mai lambu ya haukace, wa zai biya don ya zauna yana latsa ƙarfe? To, samari suka cika wurin har ba masaka tsinke.

Abin da ya jawo su wani tsohon wasa ne na intanet, irin wanda mutane da yawa ke shiga lokaci guda, kowa da ɗan mutum-mutuminsa, ana yawo cikin kurmi ana farautar dodanni. Irin wannan wasa ba ya tafiya sai da sarber, wato injin da ke riƙe da duniyar wasan gaba ɗaya, shi ya san inda kowa yake da abin da ke cikin jakarsa. Kamfanin da ya yi wasan ya daɗe da kashe nasa ya kama wata sana'a. Sai waɗansu mutane warwatse a duniya, waɗanda ba su taɓa haɗa ido ba, suka zauna shekara da shekaru suka rubuta wani shiri mai kwaikwayon sarber ɗin da ya mutu. Suka ajiye shi a fili, kyauta. Kowa na iya ɗaukar kwafi ya koma gefe ya raini nasa, ya ƙara, ya rage. Suna da sunan da suke kiran wannan ɗauka a turance, amma Rabi'u ɗan mai lambu dashe yake ce masa, asalin kuma ya ce masa uwa.

Kada ka ji an ce kyauta ka ɗauka sauƙi ne. Kai! Mutumin nan ya sha wuya. Dashensa na farko ko tashi bai yi ba, ya yi ta fama da shi damina guda. Turancinsa na inji ne, ya karanta ya haɗa da faransanci ya lalubo ma'ana. Ranar da ya fara yin tambaya a zauren intanet da suke tattaunawa, wani ya watsa masa amsa cewa an amsa wannan tun bara, ya je ya karanta kafin ya dami mutane. Ya ji zafi, amma ya haɗiye. Ya ce ai ko a zauren malam, sabon zuwa a bakin ƙofa yake zama.

Daga nan ya kama ladabinsu yana koyo kamar karatu. Ya daina cewa "abu ya lalace", ya koyi faɗin abin da ya taɓa, da abin da ya biyo baya, da abin da inji ya rubuta. Ya gane ba a tambayar mai aikin sa kai yaushe zai gama. Hotuna da kiɗan kamfanin wasan kuwa ba a sa su cikin dashe a baje a fili, don wannan kan jawo wa uwa ƙara a kotu, sai ya kiyaye. Duk lokacin da uwa ta yi sabon gyara yakan jawo shi ya haɗa da nasa, don dashen da aka bari ya yi nisa da uwa wata rana ba ya haɗuwa da ita. Har aka fara sanin sa a zauren, in ya kawo rahoton matsala a ce masa an gode. Ranar da babbansu da kansa ya ce masa an gode, Rabi'u ya sayi tsire ya kai gida.

Wannan babban nasu, wani mutum ne a wata ƙasa can gabas, shi ya fara aikin, kuma sunansa Yahya. Sunan na rubuce a saman kowane fayil na shirin, tare da sharaɗinsu guda ɗaya: ɗauki, canza, raba wa wanda ka so, amma ka bar sunayen masu aikin inda ka same su. Shirin kansa ma sunan mutumin yake ɗauke da shi. Don haka duk lokacin da batir ya yi sanyi ko wani abu ya tsaya, sai sunan ya fito ɓaro-ɓaro a kan ekran, da bayanin cewa ya yanke. Samarin Madarumfa kuwa ba su san wani Yahya na gabas ba. Sai shagon ya ɗauki ihu: "Yahaya ya faɗi!" "Yahaya ya mutu, Mai Rezo zo ka tada shi!"

Rabi'u yakan daka musu tsawa, su yi dariya. Har Malam Yahaya da kansa ya taɓa ji, yana wucewa da kwandon tumatir a kai. Ya tsaya ya leƙo ya ce, "Ashe ni ka kulle cikin akwatin ga? To ka riƙa ba ni hura, in daina faɗuwa." Aka yi ta dariya, magana ta wuce.

A wannan lokacin akwai abin da ke cin Rabi'u a rai. Ya daɗe yana ci daga hannun mutanen nan, bai taɓa kai musu komai ba sai ƙorafi. Yaba kyauta tukuici, shi kuma ba shi da abin bayarwa. Sai Allah ya nuna masa ƙofa. Ya buɗe wa waɗansu shaguna a Safo da Gabi hanya su riƙa shiga sarber ɗinsa ta rezo, rezon ƙauye kuwa ka san shi, yanzu yana nan, ka ƙifta ido ya tafi kiwo. Da ya ɗan ɗauke sai shirin ya jefar da mutum waje, abin da ya farauto duk ya bi ruwa. A zauren uwa ma an daɗe da buɗe maganar, mutane daga ƙasashe masu raunin rezo suna ta kuka a ƙarƙashinta. Su manyan kuwa nasu rezon ba ya ƙiftawa, ba su san zafin ba, suka bar ta nan.

Rabi'u ya ce wannan nawa ne. Ya duƙufa. Ya koya wa sarber ɗin jira: in mutum ya yi shiru kada a kore shi, a riƙe masa wurinsa da jakarsa, in ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Faɗi da baki sauƙi. Sau da yawa gyaran yakan haifi wata ɓarna, kaya su ninka kansu a jakar mutum, ko dodo ya cinye wanda ke jiran rezo. Ya warware ya sake ɗinkawa, ya gwada da 'yan Gabi da rana tsaka lokacin da rezo ya fi iskanci, har abin ya zauna daram. Ya raɗa masa suna Haƙuri. Burinsa ɗaya ne a duniya, ya kai Haƙuri gaban uwa a karɓa, ya zama shi ma ya kawo wani abu gidan da ya ci.

Ana cikin haka Malam Yahaya ya kwanta, kwanciyar da bai tashi ba.

Da Inna Delu ta fita takaba, zaman gida ya ishe ta. Rabi'u ya kafa mata tabur a inuwar ƙofar shago tana suyar awara, samari na saye, tana jin motsin mutane. Wata rana da hantsi, hadari ya rufe rana, batir ya yi sanyi, sarber ya tsaya. Shago ya ɗauka baki ɗaya: "Yahaya ya mutu! Yahaya ya mutu kuma!"

Matsamin awara ya suɓuce daga hannunta ya faɗa cikin mai. Ba ta yi kuka ba. Rabi'u ya fito da gudu ya same ta tana kallon ƙasa.

"Inna, kin ƙone?"

"A'a." Sannan ta ce, "Rabi'u, wanga abu da yaran ga ke faɗi, ba ka da ikon hana su?"

Ya hana su. Ya kori biyu, ya yi rantsuwa, ya yi roƙo. Amma bakin saurayi da ya saba, kuma ga abu rubuce gabansa, ina! Washegari wani ya sake suɓutar baki. Ran Rabi'u ya ɓaci iyakar ɓaci. Ya zauna gaban inji ya ba shi umarni guda: duk inda ka ga wannan suna, sa Mai Sunan Baba. Inji ba ya tambaya. Ya bi ekran ya canza, ya bi saman kowane fayil ya canza, ɗaruruwansu, kafin ruwan shayi ya tafasa. Rabi'u ya ga har can abin ya kai, kuma wallahi bai ji ɗar ba. Daɗi ma ya ji. A ganinsa ya ɗaga mutumin ne, ya shigar da shi gida, ya ba shi matsayin da ba a ba kowa sai wanda ake jin kunyarsa. Samari suka koma cewa Mai Sunan Baba ya faɗi, Inna Delu ta ci gaba da suyarta.

Sai kuskure na biyu, wanda shi ne ya kai na farkon kasuwa. Ladabin mutanen nan shi ne kowane gyara a reshensa, a aika shi shi kaɗai, don mai dubawa ya ga abin da aka taɓa. Rabi'u ya san wannan sarai. Amma ɗoki ya rufe masa ido, ga canjin sunan yana zaune a reshe ɗaya da Haƙuri. Ya yi bisimilla ya aika duka a dunƙule, da 'yar gaisuwa a sama, cewa ga ɗan abin da ƙaraminsu ya kawo.

Ba wanda ya kai ga Haƙuri. Abin da suka fara gani shi ne fayil bayan fayil, an goge sunan mai aikin an sa waɗansu kalmomi da ba su san ko na wane harshe ba ne. Suka ɗauka sunan Rabi'u ne ko na ƙungiyarsa. Kafin la'asar zaure ya cika. Wani ya ce bai taɓa ganin rashin kunya irin wannan ba, a sace kaya kuma a kawo wa mai shi ya sa hannu. Wani ya rubuta kalma ɗaya tak, wadda ko ba ka iya turanci ba in ka taɓa zama Katsina ka san ta. Ɓarawo. Rabi'u ɗan Malam Yahaya, wanda in ya tsinci salula a shago sai ya bi gari yana cigiya!

Ya rufe shago ya nufi tasha wurin abokinsa Sadiƙ, direban da ke jigila tsakanin Ɗan Isa da Jibiya. Turancin inji Rabi'u ya iya, wannan kuwa maganar zuciya ce, yana tsoron ya ɓata ta.

"Mutumina, rubuta musu. Ka ce sunan mahaifina ne, ya rasu, ba ni iya barin yara su riƙa wasa da shi gaban tsohuwa. Ka ce girmamawa ta sa na ɗauke."

"Wanga ai ƙaramin abu ne," in ji Sadiƙ. "Ni da ke faɗa da 'yan kwastan kullum da turanci? Kawo nan."

Ya karɓi salula ya rubuta da turancin tasha, mai gajeren wuya. Abin da ya isa can shi ne: sunan nan na babana ne, ba na yara ba ne, shi ya sa na ɗauke abina. Ka ji fa! Garin neman gira aka rasa ido. Zaure ya ce ga shi yanzu yana cewa ubansa ne mai aikin, kuma ya kira su yara.

Duk da haka Rabi'u bai fid da rai ba. Ya ce bari babban ya zo. Ai musulmi ne, mai irin wannan suna dole ya san darajar uba, kallo ɗaya zai yi ya gane. Bai san cewa a can inda mutumin yake, ɗa da bakinsa yake kiran sunan uba yana taƙama, har ya liƙa shi a jikin nasa ba. Kunyar suna ba ta je can ba.

Babban ya zo, kuma bai yi zagi ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ya ce ya ba wannan aiki ƙuruciyarsa, ba wanda ya taɓa biyan sa, bai roƙi kowa komai ba sai abu ɗaya, a bar masa sunansa a kan abin da ya yi. Ya ce ya san Rabi'u a zauren, ya ɗauke shi mutumin kirki. Sannan ya rufe saƙon, ya rufe wa Rabi'u ƙofar zauren gaba ɗaya. A faɗi gaskiya ko da ɗaci, ta inda yake tsaye bai yi zalunci ba. Sai dai da ya tambaya ko sau ɗaya, me waɗannan kalmomi uku ke nufi? Duk cikinsu an rasa mai wannan tambaya, su da ke da injin fassara a aljihu.

Rabi'u ya ruɗe. Ya mayar da sunan ko'ina, a fayil da ekran duka, don su ga ya tuba. Ya zauna ya rubuta bayani da kansa a hankali, ya aika ta adireshin babban, shiru. Ya sake aikawa, shiru. A shago kuwa suna ya dawo kan ekran, bakin samari ya dawo da shi. Da safe ya ga Inna Delu ba ta fito da kasko ba, da ya tambaya ta ce hayaƙi ne ke damun idonta. Ya san ba hayaƙi ba ne, ita ma ta san ya sani.

Can bayan an kwana biyu wata mata daga cikin masu aikin ta rubuto masa a ɓoye. Ta ce ta nemi ma'anar kalmomin ta gane, kuma ta ji tausayinsa. Ta ce abin takaicin shi ne, sunan da ke fitowa a ekran yana da ikon canza shi tun farko, su ma sun fi so kowane dashe ya ɗauki sunansa daban, kada a riƙa ɗora wa uwa laifin da ba nata ba. Na saman fayil kawai ne ba a taɓawa, wanda ba saurayin da zai taɓa ganinsa. Ta ce ta yi wa babban magana, ya ce ya ji, amma ya gaji da irin waɗannan rigingimu, wanda ya goge suna sau ɗaya ba ya sake shiga. Rabi'u ya karanta ya kifa kai a kan tabur. Wuri ɗaya tak ya kamata ya taɓa, da tsohuwa ta huta, da Haƙuri ya shiga.

Ya canza na ekran ya sa Tafki. Ihu ya mutu a shago. Ya je ya gaya wa Inna ta dawo, ta ce ta riga ta saba da tsakar gida.

Yau shekaru ke nan. Ba a hana shi ɗauka ba, sharaɗinsu bai hana kowa ɗauka ba, har wanda suka kira ɓarawo. Duk gyaran da uwa ta yi yana jawowa ya haɗa da nasa, kullum haɗin na ƙara wuya don hanyoyin sun fara rabuwa. Wannan shi ne abin da ke ƙona masa rai, ya ce da sun hana shi ci ma da ya fi masa sauƙi. A garin nan in ka kai wa mutum tukuici ya mayar maka, ya gama zagin ka. Shi nasa ko kwance ƙullin ba a yi ba. Haƙuri na nan yana aiki lafiya lau tsakanin Madarumfa da Safo da Gabi. Dashen na nan a fili, amma wa zai leƙa kayan wanda aka yi wa tambarin sata?

Zauren yana iya karantawa, rubutu ne ba ya iyawa. Maganar rezon nan har yau a buɗe take. Ran kasuwar da ta wuce, da azahar, Sadiƙ ya shigo cajin salula ya same shi yana karanta sabon kuka da wani ya ajiye a ƙarƙashinta. Wani ne daga wani tsibiri mai nisa, ya ce yaran unguwarsu sun daina wasan saboda rezo na jefar da su, ya ce shin duk duniya ba wanda ya iya gyara wannan abu?

"Mi ya ce?" in ji Sadiƙ.

"Cewa ya yi ko akwai mai iyawa."

"To ka ce mishi ga ka mana."

Rabi'u ya gangara da shafin har ƙasa, inda kowa ke da ɗan akwatin rubuta amsa. A nasa ba akwatin, sai layi ɗaya da ke cewa ba shi da izinin magana a nan. Ya juya ekran ɗin ya nuna wa Sadiƙ, sannan ya miƙa hannu ya karɓi salular ya sa mata caji.